Kofur Piyasena da Katifun Bariki

Ruwan watan Mayu ya kwana yana zuba a garin Kurunegala, Lahadin nan ta waye da yayyafi. Kofur Piyasena kuwa, kamar yadda ya saba shekara ashirin da shida, ya riga mai busa begila fitowa. Ya kurɓi shayinsa da ɗan mazarƙwaila a tsaye, ya tuɓe takalmi, ya ɗaga gefen tampol ya taka tsirin ƙasar tsakiyar fili inda ake jefa ƙwallo. Da tafin ƙafa yake gane lafiyar ƙasa. Shi ne mai kula da filin kurket, wasan da ake dukan ƙwallo da sanda, na bataliyarmu, shi ke daɓe, shi ke ban ruwa, shi ke zana farin layi. Ba a taɓa ɗaukar hoton kofi da shi a ciki ba.

Wasan ƙarshe ne na kakar wasa. Idan ruwa ya hana wasa, za a raba maki, mu tsira a rukunin farko. Idan aka buga muka sha kashi, za mu faɗo rukuni na biyu, a mayar da rabin 'yan wasa gadi a sansanoni masu nisa. Tsirin tsakiya a bushe yake, sauran filin ne ya zama fadama.

Saje Ruwantha, shugaban 'yan wasa, mai mata da jariri a gidajen bariki, ya matso yana dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Kawu, tsufa ya zo. Wa zai ga laifinka in iska ta yaye tampol, tsirin ya jiƙe?"

"Kai saje ne, ni kofur," in ji Piyasena. "In oda ce, rubuto min ka sa hannu."

Bai jira amsa ba. Ya tafi ɗakinsa ya ɗauko katifarsa ta soso, ya shimfiɗa a kan ruwa, ya tattake, ya matse a bokiti. Muna zaune a rumfa muna kallon dattijo mai ciwon gwiwa yana yi shi kaɗai. Mai tsaron bayanmu ne ya fara tashi ya ɗauko tasa. Ruwantha ya zo ƙarshe da tasa katifar a ka, yana mita cewa tsohon nan zai kashe masa aure. Kafin ƙarfe ɗaya alƙalan wasa suka zaga fili suka ce a buga. Aka buga, aka ci mu da maki tara.

Mun yi wata ba ma gaishe shi. Bai fasa daɓe ba, ko ranar da babu mai zuwa atisaye. Sai da muka yi kaka biyu a ƙasa sannan muka dawo da guminmu, kuma har yau duk ƙungiyar da ta zo filinmu ba ta tambayar ko an yi wa ƙasa wani abu.

Kawu Piyasena, ga ka za ka ajiye kaki ƙarshen watan nan. Kai ne ka hana mu zama mutanen da suka tsira da yayyafi. Irina da ya tsere daga aji, wanda ba ya iya zama wuri ɗaya, a wajenka ya ga yadda ake tsayawa a kan abu. Mun gode. Duk wanda aka damƙa wa fili, ko ɗakin ajiya, ko ƙofa, ya riƙe kamar yadda ka riƙe.

Abin da muka rasa ranar ba ɓoyayye ba ne. Wasa ɗaya, kaka biyu, 'yan wasa shida da aka tura gadi, biyu cikinsu ba su sake riƙe sanda ba, da katifa goma sha huɗu.