Muryar da Ɗalha Dillali Ya Ajiye

Duk wanda ya taɓa shiga karar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis ya san Ɗalha dillali. In bai san sunansa ba ya san muryarsa, ko in ce muryoyinsa, don ba guda ɗaya Allah ya ba shi ba. Gajere ne, baƙi, da wata hula da ta ga jiya ta ga yau. A Gumel yake zaune, dillancin tumaki da awaki kuwa gadonsa ya yi, kuma bai taɓa yi masa arzikin a zo a gani ba. Abin da ya fito da shi maƙogwaro ne. Tun yana yaro, in tunkiya ta shige garke ta ƙi fitowa, sai ya yi kukan ɗanta, ka gan ta a guje tana waige-waige. Da ya girma ya koma kan mutane. Yana yin Buzu mai ciniki da rantsuwa, yana yin jandarman bakin iyaka da Hausarsa ta Damagaram mai ɗigon Faransanci. Har limamin unguwarsu bai tsira ba. Liman ya kira shi ya yi masa faɗa, faɗan ya ƙare da liman yana cewa, "To, sake yi in ji da kunnena."

Matarsa Rahmatu ba ta da surutu ko kaɗan, mutane ma cewa suke yi Allah ya haɗa ganga da kurma. 'Yar garin Ɗanzomo ce, malamar firamare. Shekara shida ta yi tana rubutu a littattafan 'yan makaranta, in ta gama duba aikin ɗalibai. Labarin mahaifinta take rubutawa, Cindo mai haƙar rijiya, wanda ya ci sunan saboda yatsa shida da ke hannunsa. Rijiyoyin wannan yanki zurfi gare su, mutum sai ya sauka gaba ashirin ko fiye bai taɓa laima ba. Tana ƙarama, kullum da azahar takan kai masa fura, a zura a guga, ita kuma ta durƙusa a bakin rami ta kira, "Baba, ka ga ruwa?" Shi kuma daga can ƙasa ya amsa, "Saura kaɗan." Ko jiya ya fara haƙa, amsar ke nan. Wata azahar tana shekara tara ta kira bai amsa ba. Ta sake kira. Rijiyar ta rufta masa tun da hantsi, masu jan ƙasa sun ruga neman taimako, ba wanda ya tuna da yarinya mai kawo fura.

Madam Agnes, wata 'yar Filato da ke aikin buga takardu a Gumel, ita ta buga wa Rahmatu labarin a na'ura, ta ce sau biyu tana tashi ta fita waje don kada a ga idonta. Aka kai Kano aka yi 'yan kwafi. Bai yi suna a gidajen rediyo ba, amma daga Gagarawa har Sule Tankarkar mata sun yi ta miƙa wa juna shi har bangonsa ya yage.

Ɗalha ajami ya iya, boko kuwa sai dai ya kalla. Don haka bayan la'asar Rahmatu takan zauna a tsakar gida ta karanta masa, shi kuma ba ya iya sauraro baki rufe, sai ya ara wa mutanen littafin murya. In an zo wurin rijiya, sai ya tashi ya cusa kansa cikin randar da ke gindin dalbejiya. Rahmatu ta ce, "Baba, ka ga ruwa?" da wata siririyar murya mai ɗan karyewa a ƙarshe. Randa ta amsa da kauri, kamar daga ƙarƙashin ƙasa, "Saura kaɗan." Ranar farko da ya yi haka, Rahmatu ta ajiye littafin ta dube shi. Ta ce, "Dillali, ka ji tsoron Allah. Ba ka taɓa ganinsa ba fa." Autarsu Munira tana gefe tana dariya, don a lokacin ba ta san abin kuka ba ne.

Ciwon kwana tara Rahmatu ta yi, a tsakiyar damina, ta tafi. Sai bayan an yi sadakar arba'in aka lura ba inda aka ɗauki muryarta. Wayarta ƙarama ce mai tocila, kuma ba wanda ya taɓa tunanin ɗauka. Munira ta ce, "Me za mu yi da rikoda, ga Baba?" Ta faɗi haka ne don ta kwantar wa kanta hankali, shi kuwa maganar ta zauna masa a ƙirji. Ya san abin da ba ta sani ba. Murya kamar igiyar guga ce, in an rataye ta an bar ja, gara ke cinye ta. Muryar mahaifinsa da ya fi kowa iyawa, ya yi 'yan shekaru bai yi ba, ranar da ya neme ta ya tarar ba ta nan. Saboda haka kullum da safe, in ya je ɗiban ruwan alwala, sai ya sunkuya bakin randa ya ce a hankali, da muryar Rahmatu, "Baba, ka ga ruwa?" Sannan ya amsa da ta Cindo. Shekara uku bai yi fashi ba. Munira takan ji daga ɗaki, ta yi kamar barci take yi.

Sai ga shekarar zaɓen fid da gwani, ta faɗo daidai da hada-hadar ragunan layya. Duk teburin mai shayi rediyo a buɗe, masu neman takarar shugaban ƙasa suna ta zawarcin daliget. Ɗalha da idon dillali yake kallonsu. Ya ce wancan ragon kasuwa ne, an ɗura masa ruwan kanwa da safe, ka kai shi gida ya saɓe. Wannan ƙaho gare shi, amma a buɗe bakinsa a duba haƙori tukuna. Ɗayan kuma ya ce ba laifi, sai dai igiyarsa a hannun mutum goma take. Daga nan sai ya miƙe ya yi su ɗaya bayan ɗaya: mai yin tari uku kafin kowane alkawari, da mai ƙirga alkawura da yatsu ya ɓace a na huɗu, da mai share hawaye da bakin babbar riga in ya tuna da talaka. Direbobin manyan motoci da 'yan canjin sefa suka dinga faɗuwa daga benci. Wani ya ɗauka a waya, kafin mako biyu Ɗalha ya isa inda ƙafarsa ba ta taɓa zuwa ba.

Haka Habibullah ya same shi, wani matashin darakta daga Kano, mai fara'a da durƙuson gaisuwa har ƙasa. Ya ci tuwo a gidan. Ya ga littafin a kan taga, ya ce ai mahaifiyarsa ta karanta ta yi kuka, shi kuwa ya daɗe yana son mai da shi fim. Ga littafi, ga Baba Ɗalha, ai tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Ɗalha ya ce a haɗu a kara ranar Alhamis, don shi can ya san ana ciniki. Ya kira dillalai biyu tsofaffi suka tsaya shaida. Ya ce, "Sharaɗina ɗaya ne. Ku canza abin da kuka ga dama, amma wurin rijiya kada a taɓa. Kuma ni zan koya wa yarinyar da za ta fito yadda ake kiran."

"Baba, ai wurin ne zuciyar fim ɗin," in ji Habibullah.

"To, na sallama."

Aka shafa fatiha. Sannan Habibullah ya fito da wata takarda ta Turanci, ya ce ta ofis ce kawai, Ɗalha ya dangwala yatsa. Da ya dawo gida Munira ta ce, "Baba, da ka bari an kai wa Madam Agnes ta karanta mana." Ransa ya ɓaci. "Auta, shekara arba'in ina kara, an sayar da raƙumi a gabana ba takarda. Mutum ya ci tuwon gidana, mun shafa fatiha gaban shaidu, in ɗauki takardarsa in kai bincike kamar na kama ɓarawo?" A kara gaskiyarsa ce, in an sallama an sallama, kuma sharaɗin da aka faɗa gaban shaidu ya fi tawada ƙarfi. Bai san wata kasuwar ya shiga ba.

Wata huɗu ya yi a Kano. Ɗaki ɗaya aka sa shi da 'yan wasa matasa, ruwansu a leda da gora, babu randa, babu inda mutum zai keɓe. Dattijo kamarsa ya tashi da safe yana muryar mace a gaban yara? Kunya ta hana shi. Ya ce wa kansa ba komai, yana ajiye muryar Rahmatu ne sai ranar rijiya, ranar zai fito da ita sabuwa fil. Kullum kuwa aikinsa ɗaya: a sa masa babbar riga, ya yi mai tari, ya yi mai yatsu, ya yi mai hawaye. "A sake, Baba!" Ya sake. In an tashi aiki, masu biki da 'yan siyasar unguwa su aiko a kawo shi, ya sake. Har ya kai in zai yi sallama sai tari uku ya riga shi fita. In ya tambayi rijiya, Habibullah ya ce ana neman wurin da ya dace. Daga baya ya ce sai damina ta wuce. Ranar da aka gama haɗa fim aka sallame shi, Habibullah ya ce, "Ka je ka huta, Baba, za ka gani da idonka."

Ya dawo Gumel ranar Laraba, ranar Juma'a bayan masallaci aka sa fim ɗin a gidan kallon Jonah, inda ake kallon ƙwallo. Jonah ya ajiye musu kujerun gaba, shi da Munira, ya ƙi karɓar ko sisi. Wuri ya cika har bakin ƙofa.

Cindo ya fito a matsayin Alhaji Cindo, ɗan kwangilar burtsatse mai neman takara, da gida mai bene da yatsu biyar cif. 'Yarsa tana tuƙa mota, ta yi waƙa cikin furanni da wani mai gilashi. Ɗalha ya fito sau uku, a matsayin abokan hamayyar Alhaji. Duk fitowarsa sai rufin kwano ya amsa da dariya, ana dukan kafaɗarsa daga baya, ana "Sai Baba!" Shi kuwa idonsa na kan allo yana jiran rami, da guga, da yarinya a durƙushe. Har aka yi auren ƙarshe bai ga ko tulu ba. Da rubutu ya fara hawa, Munira ta nuna da yatsa ta ce, "Ga sunan Umma can," amma kafin ya gane layin da take nufi ya wuce.

A waje ya sa ta kira masa Habibullah. Gaisuwa har yanzu da ladabi. "Baba, ka yi haƙuri, rijiya ba ta sayar da fim. Mutane sun gaji da kuka. Kuma takarda ta ba mu dama."

"Amma mun shafa fatiha."

"Mun shafa, Baba, kuma Allah ya amsa. Ba ka ga yadda fim ya karɓu ba?"

Ɗalha ya miƙa wa Munira wayar. Suka kama hanyar gida, masu babur suna ta tsayawa suna roƙon ya yi musu tari uku.

La'asar ta yi sanyi lokacin da suka shiga, lokacin da Rahmatu takan fito da littafi. Munira ta zauna a inda uwarta ke zama, ko mayafi ba ta cire ba. Hawayen da ta riƙe tun gidan kallo suka zubo. Ta ce, "Baba, su riƙe fim ɗinsu. Ka yi mini Umma. Wata huɗu ban ji ta ba."

Sai a lokacin ya san tana jin sa duk safiyar nan. Ya tashi ya je gindin dalbejiya, ya ɗauke faifan da ke rufe da randa, ya sunkuya. Ya buɗe baki. Tari ne ya fito, uku, ɗaya bayan ɗaya. Ya yi istigfari, ya sha ruwa, ya sake gwadawa. Wata siririyar murya ta fito, ta mace ce, amma ta kowace mace, irin wadda yake yi a kara in yana tsokanar masu fura. Karyewar nan ta ƙarshe babu ita. Ya rufe ido ya nemi fuskar Rahmatu, fuskar ta zo, bakinta yana motsi, ba sauti. Ya gwada na uku, ya tsaya a tsakiyar kalma. Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko ranar da aka ɗauke ta, don a ranar ya san akwai abin da ya rage masa.

Munira ta gane. Ta taso ta durƙusa kusa da shi, ta dafa bakin randar, tana so ta taimake shi ko da rabin ne. Da muryarta ta kanta ta ce, "Baba, ka ga ruwa?"

Muryar Cindo tana nan a maƙogwaronsa, bai rasa ta ba. Kalma biyu ce kawai. Amma kansa na cikin randa, ya kasa ce wa yarinyar saura kaɗan.

Ta jira. Ta sake kira, a hankali, bai amsa ba.