Clarrie da Kwalbar 1908

Faɗan da Clarrie Dunstan ya fi shan kaye a cikinsa shi ne na ranar da matarsa Noreen ta buɗe kwalbar zuma ta tarar da tsutsar teku kwance a barasa.

"Uwargida, wannan ilimi ne," in ji shi.

"To kai da ilimin naka ku koma rumfar baya, tsohon banza."

Can kuwa suka koma, shi da kwalabensa.

Shekara arba'in Clarrie yana haƙo tsutsa a gaɓar garinmu, nan kudancin Tasmaniya, yana sayar wa masunta su sa a ƙugiya. Mutum ne da ba ya ganin dutse ya wuce bai ɗaga shi ba. Ranar Laraba kuma yakan je ɗan gidan tarihinmu yana goge ƙura kyauta, don dai ya samu damar leƙe.

Sai ga Dakta Hollis daga birni, yarinya mai kirki da ƙaton tabarau. Ta zaƙulo wata kwalba ta shekarar 1908, ciki da jar tsutsa mai gashi, takardar jikin kwalbar ɗauke da sunan gaɓarmu. Ta ce ai da akwai irinta a nan, masu haƙa ne suka ƙarar da ita, don haka a hana haƙa. Abincin Clarrie ke nan za a kife.

Shi kuwa mamaki ma ya hana shi fushi. Ina wannan baƙuwa ta ɓuya har kakansa bai taɓa ambatonta ba? Ya ɗaga kwalbar a rana. Farin yashi ne a gindinta, yashin gaɓarmu kuwa baƙi ne kamar gindin tukunya. Ya kwashe mako uku yana bin duk kwalbar da ke da irin wannan rubutun hannu. Ashe matuƙan jirgin ruwa ne ke kawo tsarabarsu daga tsibiran zafi, akawun gidan tarihin na wancan zamanin kuma sai ya rubuta sunan inda jirgin ya sauke kaya.

Ranar taron yanke hukunci kan hana haƙa, Dakta ta ce, "Baba, abin da aka rubuta ba ya ƙarya."

Clarrie ya dire wata kwalbar a gabanta. Ɗan kada ne a ciki, a garin da sanyi ke daskarar da ruwan famfo. Rubutu ɗaya, shekara ɗaya, sunan gaɓarmu.

"To 'yata," ya ce, "shi ma wannan ɗan garinmu ne. Faɗa mini, mu muka haƙe 'yan'uwansa, ko mura ce ta kashe su?"