Shaidar da Baba Sitati Ya Wanke

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Baba Sitati kowa ke kiransa a layin, har matarsa idan tana jin tsokana. Mai wanki da guga ne. Ya koyi aikin tun yana saurayi a ɗakin wankin makarantar kwana, a hannun wata tsohuwa da ba ta yarda a ninke riga sai ta ɗaga kwalarta ta duba a hasken taga. Daga can ya fito da ra'ayinsa wanda bai taɓa sakewa ba: farin kaya shi ne kaya, saura duk rufin jiki ne.

Akwai fili a bayan gidansa inda ya kafa turaku ya ja igiyoyi. A da, wanda ya bi ta wurin da hantsi sai ya kanne ido saboda hasken shanya. Yanzu masu sa farare sun ragu, gwiwoyinsa ma sun fara ƙorafi, amma babban aikinsa yana nan: zannuwan gado da rigunan filo na ƙaramin asibitin garin. Da su gidan ke ci.

Sai aka sayar da gonar da ke bayan filin. Da farko aka ce ɗakin ajiya za a gina. Ɗakin ajiyar ya yi ta girma har ya tsiro da dogon bututu, manyan motoci suka fara sauke tsofaffin ƙarafa, sannan aka gane masana'antar narka ƙarfe ce. Wasu suka koka da ƙara, wasu da ramukan da motoci suka haƙa a titi, masu jarirai da tari. Baba Sitati shi da kunkunniya ne. Baƙin gari ne mai laushi da maiƙo, yana sauka a hankali ba a ganinsa. Idan ka kaɗe shi ya shafe, idan dutsen guga ya bi ta kansa ya zauna ke nan.

Ya gwada shanya da sassafe, ya gwada da yamma. Ya ja igiya a cikin falo, zannuwa suka ɗauki warin sanyi, matarsa kuma ta gaji da sunkuyawa.

"Malam, ni gida na aura ko shagon wanki?" ta ce. "Jiya baƙuwa ta zo, da murya kawai muka gaisa. Har ta tafi ban ga fuskarta ba."

"Ki gaya wa masu bututu."

"Ai su ba su shanya mini zane a kan tukunya ba."

Sista mai kula da asibitin ta daure iyakar daurewa. Ran nan ta buɗe zane a gabansa, ta nuna masa ɗigo-ɗigon da ke gefe.

"Baba, ba na son in yi maka wannan magana. Amma marar lafiya ba ya tambayar daga ina baƙi ya fito, cewa yake ba a wanke ba. In abin bai gyaru ba zuwa ƙarshen wata, dole in kai wani wuri."

Tun da ya fara sana'a ba wanda ya taɓa buɗe masa aikinsa a gaba. Ya karɓi zanen, ya naɗe, ya fita ko sallama bai yi ba.

Shi ya matsa har aka kafa kwamiti. Aka naɗa Ticha shugaba, wani tsohon malamin firamare da ke son taro fiye da abin da ya kawo taron. Suka yi ta zarya a ofishin tsaftar muhalli har masinja ya daina tambayarsu wa suke nema. A ƙarshe aka ce za a turo jami'i ya gani da idonsa. Ticha ya bi gida gida yana shela, kuma a nan ya yi ɓarnar, domin da tsohuwar kalma ya yi ta.

"Duba-gari zai zo ranar Alhamis. Kowa ya shirya."

Yaran yanzu ba su san duba-gari ba. Mutanen layin nan kuwa a ƙarƙashinsa suka girma. Mutum ne mai gajeren wando da doguwar safa, yana shiga gida da ludayi ya leƙa randa, ya duba kwata, ya ɗaga murfin shara. Gidan da ya samu da ƙazanta, uwar gidan ba ta ƙara ɗaga kai a bakin rijiya sai an manta. Ba wanda ya zauna ya yi shawara. Da gari ya waye ranar Laraba, sai ƙarar tsintsiya ta ko'ina.

Baba Sitati ya fito ya tarar ana wanke tagogi, ana goge ƙofofi. Matar tela ta hau kujera tana goge ganyen gwandar ƙofar gidanta ɗaya bayan ɗaya da tsumma. Ticha da kansa yana shafa wa katangarsa farar ƙasa.

"Ticha, me kake yi haka?"

"Ɗan gyara ne, Baba. Baƙo zai zo."

"Baƙon nan me muka kira shi ya gani?"

Ticha ya dubi burushi, ya dubi katanga. "To, ai ba a bar gida haka ba. Sai ya ce mu ne ƙazamai."

"Ka shekara nawa kana koyar da yara, a ce wannan lissafin ya fi ƙarfinka?"

Ya bi layin yana roƙo, yana faɗa. Kowa ya ce gaskiyarsa, kowa ya ci gaba da shara. Matar tela ta ce ta yarda a bar datti, amma a bar shi a gidan wani. Da ya dawo gida ya iske matarsa ta fitar da kujeru tana wanke daɓe.

Shi dai yana da shaidarsa. Tun farkon mako ya shanya farin zanen gado a igiyar da ta fi kusa da katangar masana'anta, ya hana kowa taɓawa. Zanen ya yi toka-toka, da zane-zanen baƙi inda raɓa ta gangara. Ko shi kaɗai aka nuna ya isa.

Da safiyar Alhamis ya fita duba shi. Fili a share tas, layi yana ƙyalli, ga wannan abu yana reto a igiyarsa, a inda duk mai wucewa zai san igiyar wane ce. Ya kau da kai. Sai ya hangi kashin tsuntsu a gefe guda. Wannan kam ba na masana'anta ba ne, kada jami'i ya gani ya ce duk dattin na tsuntsaye ne. Ya ɗebo ruwa a kofi don ya cire wurin kawai. Wurin ya fita fari fat a tsakiyar baƙi, ya zama kamar aikin ɗan koyo. Ya ɗan faɗaɗa shi don ya daidaita. Daga nan bai san yadda aka yi baho ya zo ba. Hannun da ya saba ba ya neman izini: sabulu, cuɗa, ɗauraya, ɗan bula, matsa. Yana cikin yarfa zanen ya ji muryar matarsa a bayansa.

"Sannu da aiki, Baba Sitati. Shaidar ce ka sa wa bula?"

Ya tsaya da zane a hannu. Bai juyo ba.

Jami'in da aka turo ashe yarinya ce matashiya, ba gajeren wando, ba ludayi. Bututun kuwa tun daren jiya ya yi shiru, wai ana gyaran inji. Ta zaga layin da Ticha a gefenta yana jawabi. Ta shafa taga ta dubi yatsanta. Ta shafa ganyen gwanda. Ta zo filin shanya ta tsaya gaban zanen.

"Baba, wannan ne aka ce mini kullum yana baƙi?"

"Da safen nan baƙi ne, 'yata."

"To, ya aka yi?"

"Aka wanke."

"Wa ya wanke?"

Matarsa ta yi tari ta shige gida.

"Baba, na yarda da kai," in ji jami'ar, tana ƙoƙarin danne dariya. "Amma abin da na gani shi zan faɗa a ofis, kuma ban taɓa shiga layi mai tsabtar wannan ba. Zan nemi a sake turo ni, sai dai akwai garuruwa da yawa a gabanku."

Washegari bututun ya tashi. Ƙarshen wata Sista ta aiko a gaya masa, da ban haƙuri mai yawa, cewa ta samu masu injin busarwa a babban gari.

Ya yi kwanaki yana zaune a ƙofar gida, igiyoyi babu komai. Sai ga shugaban leburorin masana'antar da buhu a kafaɗa. Ya gaishe shi da ladabi, ya ce an gaya musu duk garin ba mai wanki kamarsa. A cikin buhun rigunan aiki ne masu kauri, shuɗi mai duhu, sun sha maiƙo. Baba Sitati ya buɗe baki zai kore shi, ya hangi matarsa tsaye a bakin ƙofa ta harɗe hannu. Ya rufe bakin, ya jawo buhun.

Rigunan nan yake wankewa har yau. Kunkunniya tana sauka a kansu yadda ta ga dama, ba mai gani. Yana cuɗa su yana mita, yana zagin bututu da Ticha da tsuntsaye, amma ba ya mayar da ko ɗaya sai ya fitar mata da karin guga a hannu, har leburorin suna roƙonsa ya rage sitati, wai rigar tana hana su sunkuyawa. Kwamiti yana nan yana jiran zuwa na biyu. An yi alkawari a gaban kowa cewa wannan karon ba mai taɓa tsintsiya. Baba Sitati bai yarda da ko mutum ɗaya ba. Sabon zanen shaida yana can a igiyar ƙarshe, kuma bahon da sabulun ya ce matarsa ta riƙa kulle su a ɗakinta duk ranar da aka ce baƙo zai zo.