Ranar da Na Kori Taubashina da Yaren Lituwaniya

Ni mutum ne mai saurin fushi, duk unguwarmu a Gwandu an san haka. Yaran da na koyar a firamare kafin in yi ritaya, wasunsu har sun yi furfura, amma in suka hango ni sai sun gyara tsayuwa. Mutum ɗaya ne ba ni da damar yi wa fushi, shi ne taubashina, ɗan goggona, wanda ke sana'ar albasa a Kalgo. Tun muna yara muke tsokanar juna. Ya kira ni bawansa a gaban jama'a, in ce da tuwon gidanmu aka yaye shi, a yi dariya a watse. Duk abin da ya fito daga bakinsa wasa ne, kuma wanda ya fara ɗaure fuska shi ya ji kunya.

Duk Juma'a yakan zo Gwandu gaida tsofaffi, in an sauko daga masallaci ya biyo majalisarmu ta ƙofar shagon tela. To a nan yake cin kasuwarsa a kaina.

Babban ɗana ne ya tafi karatun injiniya wata ƙasa da ake kira Lituwaniya. Lokacin da ya tafi, wallahi na ishi mutane. Ni da ko Legas ban taɓa zuwa ba, na zauna ina ba da labarin ƙanƙara da jirgin ƙasa kamar a can aka yanke mini cibiya. Sai shekarun karatu suka ƙare, yaro bai dawo ba. Kiran waya ya fara gajarta. In na tambaye shi yaushe za mu gan shi, sai ya ce ana nan ana shiri, ya koma tambayar lafiyar uwarsa. Gaskiyar magana ban san ko zai dawo ba, kuma abin yana cina har tuwo ya daina yi mini daɗi.

Shi kuwa taubashin nawa, ko zama bai gama yi ba zai fara. Ina Baturenmu? Ko ya san inda alƙibla take kuwa? Ko dai wata Baturiya ta riƙe shi tana ba shi dafaffen ganye? 'Yan majalisa su yi ta ƙyaƙyatawa, ni ma in buɗe haƙora ba don daɗi ba, don tambayoyin nan duk ni ma ina yi wa kaina su.

Wata rana yaron ya kira. Maimakon in tsare shi ya gaya mini gaskiya, sai na ji bakina yana tambayarsa yadda ake cewa ina ruwanka da yarensu na can. Ya yi dariya sosai, rabon da in ji dariyarsa an daɗe, ya ce ana cewa "ne tavo reikalas". Na maimaita, ya gyara mini, na sake maimaitawa har ya ce na fi wasu 'yan ƙasar iyawa. Na san zuga ni yake yi, amma na ji daɗi.

Kai, tsufa bai hana wauta ba. Mako guda na yi ina bita. Na gaya wa tumakin gidana, na gaya wa rediyo, na gaya wa wani jaki da ya tsaya yana kallona a hanyar gona. Matata ta ga bakina yana ta motsi, ta tambaye ni ko sabon wuridi aka ba ni. A raina na riga na tsara yadda za a yi: in faɗa, majalisa ta ruɗe, shi ya yi ta roƙon fassara, ni kuma in hana.

Juma'a ta zo, ya iso da 'yar albasarsa a leda ya ajiye mini, ya zauna, ya ce ina Baturen. Na gyara zama, na dube shi cikin ido na sake masa maganar nan da na haddace. Sai dai muryar da ta fito ba wadda na yi bita da ita ba ce. Duk fushin da na tara ya biyo ta. Tela ya tsayar da kekensa. Babu wanda ya nemi fassara.

Ya dube ni ya ce, "To, Malam. Allah shi huci zuciyarka."

Tunda uwata ta haife ni bai taɓa kira na Malam ba. Da da Hausa na zage shi, da ya rama ninki biyu an wuce wurin. Amma mutumin da ya tsallaka har wata ƙasa ya aro magana, ai kowa ya san zama ya yi ya shirya ta.

Bai daina zuwa ba. Yakan ba ni hannu, ya tambayi gajiya, ya tambayi damina, ya koma gefe ya zauna da ladabi. 'Yan majalisa ma suka bi sahunsa, ko sunan yaron ba a ambata. Ni kuwa na riƙa tafiya ina buɗa kafaɗa, wai na yi maganin masu sa ido.

Ana nan, wata ranar Talata bayan la'asar yaron ya kira ta bidiyo. Muka gaisa, na ga yana ta sosa ƙeya, sai ya juya wayar. Jaririya ce a naɗe cikin farin bargo. Ya ce ya yi aure tun bara, 'yar can ce, a masallaci aka ɗaura, tsoron faɗana ya hana shi gaya mini. Ya ce sunan mahaifiyata ya sa mata. Maganar dawowa kuma, ya samu aiki, ba yanzu ba. Na laluba fushin nan nawa da ake labari, ban same shi ba. Abin da na iya cewa kawai shi ne ya matso da ita in ga fuskarta. Goshin gidanmu ne sak. Bayan mun gama ya turo mini hotonta a waya.

Uwarsa ta shige ɗaki tana kuka, ita ma ba ta san ko na murna ba ne. Ni kuwa murna da baƙin ciki suka haɗe mini sun rasa hanyar fita. Na ɗauki waya na nufi majalisa, na tarar ana hirar tsutsar da ta shiga gero. Na ajiye wayar a kan tabarma inda kowa zai gani. Na yi gyaran murya. Na ce zaman ƙasar waje dai sai a hankali. Tela ya ce haka ne, ya ci gaba da taka kekensa. Na zauna har aka kira magariba, babu wanda ya tanka. Na horar da su da kyau, ba laifi.

Ban iya jiran Juma'a ba. Gari na wayewa na shiga bas zuwa Birnin Kebbi, na sake wata zuwa Kalgo, ɗan kabu-kabu ya sauke ni a rumfar taubashina. Na same shi yana ware ruɓaɓɓiyar albasa daga mai kyau. Ya miƙe ya shimfiɗa mini tabarma, ya kawo ruwa, ya shiga jero mini gaisuwa kamar baƙon hakimi. Na daure har ya kai kan gajiyar hanya karo na biyu.

Na ce, "Don Allah ka tambaye ni yaron nan."

Na miƙa masa wayar, ya goge hannu a rigarsa ya karɓa, ya kai ta kusa da ido ya daɗe yana kallo. Can ya ce Allah ya rufa wa yarinya asiri da ba ta ɗauko hancina ba.

Ya ajiye wayar a hankali, ya ce, "Za shi dawo?"

Na ce, "Ban sani ba."

Ban taɓa faɗa wa kowa haka ba, ko matata. Ya ture kwandon albasar gefe, ya sauko kan tabarmar ya zauna kusa da ni.