Ranar da Na Tona Asirin Yayana

Yayana ya dawo daga yaƙin arewa maso gabas da ƙafafunsa biyu da hannayensa biyu, shi ya sa duk Illela aka yi ta zuwa yi mana barka. Mu da ke cikin gida ne muka san ba mutumin da ya tafi ba ne ya dawo. Zai zauna ya fuskanci bango tun hantsi har la'asar. Idan salansar babur ta yi ƙara a bakin titi, kuma garin nan 'yan kabu-kabu sun fi kaji yawa, sai ka gan shi a ƙasa ya rufe kai yana kyarma. Ranar kasuwa ko zaure ba ya leƙawa. An sallame shi daga soja, aka ba shi takardar da ba ta ce komai a kan wannan ba, don shi ma bai faɗa wa kowa ba. Matarsa da ɗiyarsu ƙarama suka koyi tafiya a sanɗa a cikin gidansu.

Iyayenmu sun rasu, saboda haka magana tana hannun Baffa, ƙanin mahaifinmu, ɗan kasuwa mai kai gero da atamfa tsallaken iyaka. Baffa mutumin kirki ne, wallahi ba zan ci amanarsa ba, amma ya fi tsoron bakin mutane a kan ciwon da ke cin ɗan ɗan'uwansa. Da rubutu da hayaƙi suka kasa, na ce a kai shi asibitin masu ciwon ƙwaƙwalwa a Sakkwato. Baffa ya dube ni kamar na zage shi.

"Mi kika son a ce da mu cikin garin ga? Gidan mahaukata?"

Sai ya fito da dabararsa. Ya ɗora Yaya a bayan babur ya tsallaka iyaka da shi zuwa Kwanni, wajen wani likita, inda ba wanda zai gan shi a layi ya kawo labari gida. Bai tsaya nan ba. Da aka tambayi sunan mara lafiya, sai ya ba da sunan wani yaron shagonsa da ya daɗe da barin aiki, wai ko da takarda ta faɗa hannun wani. Shekara huɗu ana karɓo magani da wannan sunan, mu kuma muna ta yaba wa Baffa hikima. Ni ma na yaba, kuma wannan yana cikin abin da ke ƙona min rai har gobe.

Maganin yana aiki daidai gwargwado. Da aka rufe iyaka, sefa, kuɗin can, ta yi tashin da ta yi, sai samunsa ya zama wahala, wata ɗaya a sha, wata ɗaya babu. A watan da babu, gidan ba ya zaunuwa. A nan ne wani tsohon soja da suka yi aiki tare ya zo gaishe shi, ya ja ni gefe ya ce min wanda ciwo ya same shi a bakin aiki yana da haƙƙi, na magani da na abin sakawa a baki, ko da ciwon ba a jiki yake ba. Ni ce malamar firamare a gidan, ni ke karanta Turanci, don haka ba sai an ce min aikina ne ba.

Na tattara takardun Kwanni a leda na hau mota zuwa Sakkwato, ina jin kaina kamar wadda ta riga ta gama. Ma'aikacin da na samu a ofishin kula da tsofaffin sojoji ya juya takardun, ya sake juyawa. Ya ce da farko dai Faransanci ne, amma wannan mai sauƙi ne, ana fassarawa. Sai ya sa yatsa a kan sunan ya tambaye ni wane ne wannan. Na fara yi masa bayani, ina jin yadda bayanin ke fita daga bakina kamar ƙaryar da yaro ya shirya a hanya. Bai yi min wulaƙanci ba, da ma ya yi, da na samu wanda zan sauke wa. Cewa ya yi a wajensu yayana bai taɓa ganin likita ba ko sau ɗaya. Abin da ya rage shi ne in kawo shaidar mai unguwa cewa tun dawowarsa yake a haka, sannan a sa masa ranar da likitocinsu za su duba shi.

Na je wajen mai unguwa da kaina, na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa abin da nake so a rubuta, dalla-dalla. Ya ce ba komai, in aiko gobe. Da takardar ta zo na buɗe, sai da na zauna a bakin rijiya. Dattijon nan ya rubuta cewa ya san yayana tun yana yaro, mutum ne mai cikakken hankali da natsuwa, ba a taɓa jin wani abu game da shi ba sai alheri. Ya buga hatimi har biyu. Na koma a fusace, ya ce shi ba zai sa hannunsa a takardar da za ta kira ɗan amininsa mahaukaci ba, gobe ɗiyar yaron za ta girma a tambayi asalinta. Yana faɗa yana kallona da tausayi, wai ni ce ban san duniya ba. Na fito ina kuka don haushi, na bi ta gaban 'yan canji mayafina na jan ƙasa, ban damu da wanda ya gani ba.

Saura likitoci, su kaɗai suka rage mana. Na roƙi Baffa a bar Yaya ya je yadda yake kullum. Ina! Da safe na tarar an kira wanzami ya yi masa aski da gyaran fuska, an saka masa shadda mai aiki ta Baffa, an kafa masa hula, an feshe shi da turare kamar mai zuwa ɗaurin aure. Baffa ya ce ba a kai ɗan gidan mutunci gaban manya da tsumma. A ƙofar gida kuma na ji yana ja masa kunne: ya tsaya kamar namiji, kada ya ba mu kunya.

Su uku ne a bayan teburi, babbarsu mace ce mai furfura a gefen ɗankwali. Yaya ya ƙame ya sara musu. Aka tambaye shi barci, ya ce alhamdu lillahi. Aka tambaye shi ko yana firgita, ya ce soja ba ya firgita. Ko akwai abin da ke damunsa? Babu, sai godiyar Allah. Yana magana tsaf, ya fi ni natsuwa. Ni kaɗai nake ganin yadda ya danne hannunsa na dama da na hagu a ƙarƙashin babbar riga. Na ga ɗaya daga cikinsu ya rufe fayil ya mayar da murfin biro. Shekara huɗu, da zaryar da na yi, da maganin wata mai zuwa, duk suna cikin fayil ɗin nan da aka rufe.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce ƙarya yake yi, kuma mu muka koya masa. Na faɗi bangon da yake kallo, na faɗi salansa, na faɗi ranar da ya yi fitsari a wando a tsakar gida don an fasa kwalba a maƙwabta. Yana kallona, ina ganin fuskarsa tana canzawa, ban tsaya ba. Likitar ta tambaya ko ya taɓa cutar da wani. A nan ya kamata in nemi a fitar da shi tukuna. Ban nema ba, zuciya ta riga ta ɗebe ni. Na ce bara, da rana tsaka, ɗiyarsa mai shekara biyar ta lallaɓo ta bayansa ta rufe masa ido da wasa, ya juyo ya shaƙe ta har idanunta suka kafe, sai da uwarta ta maka masa muciya a hannu ya saki. Na ce da ya dawo hayyacinsa bai tuna komai ba, Baffa ya hana a faɗa masa, aka ce masa hangum ne ya kumbura wa yarinya wuya.

Wanda ya rufe biro ya sake buɗewa. Suka riƙe shi suna tambayoyi har bayan azahar, ni ina waje a kan benci.

Muka hau mota zuwa gida. Mun wuce rabin hanya, yana kallon gonaki ta taga, sannan ya yi magana a hankali yadda sauran fasinjoji ba za su ji ba.

"Abin da kic ce game da ɗiyata, don su yarda na, ko gaskiya ta?"

Da zan iya ce masa dabara ce. Ya buɗe min ƙofar da kansa, jira kawai yake in shiga. Amma na gaji da ƙaryar gidanmu har wuya, na ce masa gaskiya ce, Yaya. Ya gyaɗa kai, ya cire hular Baffa ya riƙe a hannu har muka iso.

Bayan wasu watanni takarda ta fito, an amince. Yanzu yana ganin likita da sunansa na yanka, magani ba ya yankewa, yana barci. Baffa yana faɗa wa mutane fansho ne aka ƙara masa, ni kuma ba ya amsa gaisuwata sai da ƙyar, wannan ko a jikina. Abin da ke damuna daban ne. Tun ranar da muka dawo Yaya ya kwashe shimfiɗarsa ya koma shagon zaure, ya sa wa ƙofar sakata ta ciki. Yarinyar takan zo da allonta ta ƙwanƙwasa, tana so ya ji karatunta. Yakan ce ta karanta daga nan, yana ji. Sai ta zauna a dokin ƙofa ta karanta wa katako, shi kuma yana gyara mata daga ciki.