Hankakan Taron Tsuntsaye

Aikina shi ne rubuta abin da aka faɗa a taro. Ina yi wa wata ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta ƙasashen yankinmu aiki, kuma akwai magana ɗaya da aka faɗa a gabana ban rubuta ba. Tun daga ranar nake yawan tuna kakata Inna Kulu, wadda har ta bar duniya ba ta taɓa ganin jirgi a ƙasa ba.

A Birnin Tsaba muka tashi a hannunta. In amfani ya shiga rumbu, sanyi ya fara, takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta bayan magariba, ta tura dankali cikin toka, mu kewaye ta. Ni take fara tsokana. "Maigida, matso kusa, kunnuwan ga naka manya su yi aiki yau." Ba ta da tatsuniya mai daɗin ƙarshe. In ƙannena suka roƙi ta ban dariya, sai ta ce su nemi dariya wajen uwayensu. Sannan ta gyara zama ta ce, "Ga wata ta taho, ku ba ta wuri." Mu ce ta zauna.

Wata shekara, in ji ta, tsuntsaye suka mutu da yawa a hanyar ci-rani, don kowa shi kaɗai yake tashi, wanda ya ga tarko ba ya gaya wa na bayansa. Waɗanda suka tsira suka taru a kan wata kuka suka kafa ƙungiya. Dokarsu ɗaya ce: duk wanda ya ga hatsari ya faɗa a taro, a sanar da kowa. Aka ba hankaka aikin riƙe duk abin da aka faɗa, saboda ba ya mantuwa.

Da aka kwana biyu, mikiya da gauraka suka ce bai kamata muryarsu ta zama ɗaya da ta ƙanana ba. Aka mai da magana bisa tsawon fiffike. Babba ya fara, ƙarami ya jira, rana na faɗuwa taro ya tashi. Rannan kurciya ta zo da labarin mafarauta sun shimfiɗa raga a bakin tafkin Jangeru. Ta yi ta jira, kafin layi ya zo kanta rana ta faɗi. Duk da haka ta buɗe baki ta faɗa. Mikiya ta ce taro ya riga ya tashi, ta dubi hankaka ta ce wannan ba ta cikin lissafinsa.

Bayan kwana uku agwagin ruwa suka sauka a tafkin, raga ta kwashe su. Da aka zauna shari'a, aka ce kurciya da ke shan ruwa a can kullum ta sani amma ta yi shiru. Ta rantse ta faɗa. Aka tambayi hankaka. Ya ce, "Cikin taro dai ban ji ba." Aka fige kurciya aka kore ta.

Na ce, "Inna, mikiya ce muguwa."

Ta tono dankali da tsinke, ba ta ko dube ni ba. "Mikiya ta yi halinta. Ni hankaka nika ƙi. Shi anka ba amana, ya ji da kunnenai, kuma ya samu hanyar da bai yi ƙarya ba. Shi yah hi ban haushi."

Gaskiya a lokacin wayon hankaka burge ni ya yi, ban dai faɗa mata ba.

Na girma na karanta aikin sakatare a kwalejin fasaha ta Ƙauran Namoda. A can Inna ta rasu, a ɗakin haya, bayan rashin tsaro ya tashe mu daga gida. Da na samu aiki na karanta tarihin ƙungiyarmu, sai na ga ƙananan kamfanoni ne suka kafa ta bayan wani hatsari, don su riƙa gargaɗin juna. Daga baya aka gyara kundinta, ƙuri'a ta koma bisa yawan jiragen da kamfani ke da su, kuma ba a sauraron abin da ba ya cikin ajanda.

A wani taro, Kyaftin Garba, dattijon matuƙi da ke wakiltar wani ƙaramin kamfani, ya yi ta ɗaga hannu tun safe. Ana tattara takardu ya miƙe ya ce shingen wani ƙaramin filin jirgi ya zube, shanu na ratsa titin sauka, a rubuta wa kowane kamfani. Ciyaman ya ce ya kawo a rubuce zama na gaba. Ya juyo gare ni ya ce, "Sakatare, an rufe taro." Na rufe littafina. Ina da iyali, kuma ban daɗe da samun aikin ba.

Kafin zama na gaba jirgin wani kamfani ya afka wa shanu yana sauka, mutane suka mutu. Masu bincike suka ce Kyaftin Garba ya fi kowa zuwa filin, don me bai sanar da ƙungiya ba? Ya ce ya sanar. Suka karɓi littafina suka duba, ba komai. Suka tambaye ni ko abin da ke ciki shi ne abin da aka tattauna a taro. Na ce shi ne. Aka ƙwace lasisinsa, aka ɗora masa jinin mutanen.

Yanzu na gane abin da Inna ta tsana. Mai ƙarfi ba ya iya binne magana shi kaɗai, sai ya samu mai alƙalami mai tsoro irina. Ina jin kunya, kuma har yau ina kan kujerata.

Sau ɗaya Kyaftin Garba ya kira ni a waya. Bai zage ni ba. Ya gaishe ni, ya tambayi iyali, sannan ya ce, "Malam Sani, ai kai ka ji ni ranar, ko?"

Na ce masa layin ba kyau, ba na jin sa sosai.