Darmar da Ke Ƙarƙashin Kujera

Shekara ashirin Khamisu yana faci a Agege. Ya yi suna wajen daidaita manyan tayoyin akori-kurar da aka ƙara wa tsayi. Yakan juya taya, ya ga inda ta rinjaya, ya maƙala darma a ɗaya gefen.

Sau uku motar Alhaji Yari tana dawowa sitiyari na rawa. Alhaji ya ce a gaban jama'a, "Malam, hannunka ya tsufa." Direbansa Ridwanu, abokin cin tuwon Khamisu, ya kau da kai.

Khamisu ya leƙa ƙarƙashin kujerar motar yana neman jak, sai ga gwangwani cike da darmarsa. Ashe Ridwanu ke ɓamɓarewa yana sayar wa masunta su ɗaura a ragar kamun kifi.

Bai gaya wa Alhaji ba. Tun ranar shi kaɗai yake cin tuwonsa.